Katangar da Ta Raba Ni da Auta

Zuwa ga maigidana, baban yara,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, aikin gini yana tafiya, bayanka kuma ya daina ciwo. Mu ma lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

Ka san lungun bayan gidanmu, wanda nake bi in kai wa Auta miya da zafinta? Masu sabuwar unguwar da take haya sun toshe shi da katanga, wai don tsaro. Mu da muka riga su zama, mu ne ɓarayin ke nan!

Shekaranjiya da rana ina shanya sai na ji ihun Auta ta bayan katangar. Jikanka ne zazzaɓi ya sa shi jijjiga, ga mijinta ba ya gari. Ina jin muryar 'yata kamar a ɗakina, amma ba hanya. Na fita ko takalmi babu, na tare mai babur. Sai da muka hau babban titi, muka kewaye gidan mai, sannan muka kai ƙofarsu. Mai gadi kuma ya tsaya tambayata wurin wa na zo. A ciki, duk layin da muka shiga sai ya ƙare a ƙofar wani. Gidaje iri ɗaya, ba ko mai shago da za ka tambaya.

Kafin in gano gidan, kafinta maƙwabcinmu ya kafa tsani. Ta saman katanga Auta ta miƙa masa yaron, ya ruga da shi asibitin layinmu. Alhamdu lillahi, ya farfaɗo, yau har ya ƙwace mini carbi.

Ka san abin da shugaban unguwar tasu ya yi? Ko sannu bai aiko ba. Jiya ya sa aka yi wa katangar waya mai ƙaya, wai an yi musu tsallake.

Baban yara, in irin wannan unguwa kuke ginawa a can, ka ji tsoron Allah, ka bar wa mutane hanya. Mu dai matan layi mun je ofishin tsara gari, an ce mu dawo. Za mu koma. Kafin nan, ka aiko mini da amsa: a ina ka ajiye babbar gudumarka? Na duba ƙarƙashin gado ban gani ba.

Auta tana gaishe ka.

Taka har kullum,
Uwar yaranka