Darasin da Ɗaso take ji a waya

Litinin, 9 ga Shawwal

Ban iya rubutu ba, murya nake ɗauka a waya. Kar kowa ya ji.

Yau na dawo daga aikin shara a Kudai, nan cikin Makka, na tarar da Ɗaso, 'yar farina, ta ƙura wa wayarta ido. Wata mata ce take Larabci, ga zanen cikin mace a allo. Na fizge wayar. Ta ce, "Mama, dars ne, duktora ce," wai darasi ne, matar likita ce. Na ce aibu ne. Shekararta sha uku fa.

Wayar tata na ɓoye ta cikin buhun shinkafa.

Laraba, 11 ga Shawwal

Ba ta ci abinci ba. Ni ma haka.

Juma'a, 13 ga Shawwal

Na hau sama wajen Safiyatu, matar wani ɗalibi maƙwabcinmu. Ita ta sa ta a darasin, ta ce na 'yan mata ne zalla, a kan balaga da tsafta da wanda bai kamata ya taɓa jikinki ba. Na fara faɗa, ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Yaya, kin san tun Sha'aban ta fara al'ada?"

Ban sani ba.

Wai ta zaci ciwo ne. Tsohuwar abayata ta yayyanka take amfani da ita, ta wanke ta shanya a bayan injin wanki. Azumi duka ta yi, ba ta sha ko ɗaya ba, har Harami muka je tare. Ɗakinmu ɗaya a Utaibiyya, katifunmu suna gogar juna, ban gani ba.

Safiyatu ta ce me ya sa yarinyar ba ta gaya mini ba? To ta yaya? 'Yar fari ce. A gidanmu ko sunanta na yanka ba na kira, ko haɗa ido ba ma yi sosai. Haka aka yi da ni, ni ma haka na yi.

Talata, 17 ga Shawwal

Na je kantin magani. Namiji ne a wurin, na kasa faɗa, da yatsa na nuna audugar mata. Na ajiye wa Ɗaso ledar a ƙarƙashin matashi.

Babanta Hussaini yana maganar ta bi ni aikin girki a Arfa bana. Cikin maza, cikin baƙi. Abin da ya kamata ta sani kafin nan, bakina ba zai iya ba. Na gwada a banɗaki ni kaɗai, ko nan ban iya ba.

Lahadi, 22 ga Shawwal

Na mayar mata da wayar. Na ce ba a ɓoye ba, a tsakar ɗaki za ta riƙa kunnawa. Ni dai tsintar wake nake yi, na juya baya, ba saurara nake ba. Duktorar ta faɗi wata magana da sauri, Larabcina bai kai ba. Ɗaso ta tsayar, ta maimaita da Hausa tana kallon bango.

Na ce da bangon, wata maƙwabciya ce take tambaya, in abin ya wuce kwanakinsa fa?

Ta ce, "To, bari in rubuta wa duktora. Maƙwabciyar shekararta nawa?"

Na ce ta kai talatin.