Na Hana Gyara a Teburan Kafena Huɗu

Malam, ranar Litinin na aika wa ɗan baffana Chindo saƙo ya miƙa mabuɗin akwatin kaya kafin Juma'a, ya bar mani teburina na Illela. Tun da na aika ban samu natsuwa ba. Don Allah ka taimake ni, kaina ya ɗaure.

Ni mai kafe ne, wato gahawa da madara, a bakin tashar Konni, shekara goma sha biyu. Na fara da tebur ɗaya, benci biyu da tukunyar ruwan zafi. Allah ya sa albarka, na buɗe na biyu a mararrabar Tsarnawa inda masu kamiyo, manyan motocin kaya, ke tsayawa, na uku a Malbaza don masu aikin siminti, na huɗu a Illela, tamu ta hanyar Tawa, ba ta ƙetaren iyaka ba. Ukun nan kowane na sa mutum a kai, ni ina kan na Konni. Chindo ya girme ni da shekara biyu, gida ɗaya muka tashi, shi na ba na Illela.

Bara, da aka karya darajar sefa, gwangwanin madara ya yi tsadar da ban taɓa gani ba. A lokacin ne wani malamin lakwal, wato makarantar boko, mai karyawa a wurina ya karanta mani wata mujalla ta Faransanci. Wai a Amurka akwai kamfanonin kafe masu shaguna ɗaruruwa, kuma duk wanda ka shiga kofi iri ɗaya ne, awo ɗaya, ɗanɗano ɗaya. Abin ya shiga raina. Na shafa wa teburan huɗu koren fenti, na sayo kofuna da cokula iri ɗaya, na tara mutanena na ce cokali ɗaya na kafe, biyu na madara, ba ƙari. Sannan na hana gyara.

Ka san gyararmu. Mutum ya sha ya kai gindin kofi inda madara da sukari suka kwanta, sai ya miƙo kofin ba tare da ya ce komai ba, ka zuba masa ruwan zafi, ka ɗiga masa madara a bakin cokali, ya tsoma sauran burodinsa ya ci gaba da hira. Na ce wannan ba ta cikin tsarin manyan kamfanoni. Har na rantse gaban su uku cewa duk wanda na kama yana yi ya bar tebur.

Ni na fara bin dokar. Akwai Malam Iliyasu mai awon hatsi, tun ranar da na kafa tebur yake zuwa. Ya miƙo kofinsa kamar kullum, ina riƙe da buta, ban zuba ba. Ya jima hannunsa a miƙe. Daga baya ya ajiye kofin, ya yi mani sallama. Yanzu a teburin da ke kallon nawa yake zama, shi da abokan hirarsa biyar, muna gaisawa daga nesa. Malbaza ba ta canza ba, su dama a tsaye suke sha su wuce aiki. Tsarnawa ta ja baya. Illela kuwa kullum madara ƙarewa take, ana aiko a ƙaro. Sai na ɗauka tsarina ne ya karɓu a can.

Ranar kasuwar da ta wuce na hau babur na je ba sanarwa. Benci cike, wasu a kan tabarma. Ina tsaye wani dattijo ya miƙa kofi, Chindo ya zuba masa. Ya gan ni sarai, bai fasa ba. Ya haɗa mani nawa, na sha don kunyar mutane, kuma wallahi da na kai gindin kofin hannuna da kansa ya miƙa. Ya zuba mani. Na shanye, na hau babur na koma Konni.

To Malam, in na ƙyale shi, sauran biyun sun ji rantsuwata, maganata ta zama banza. In na kore shi, na kori teburin da ya fi kowane, kuma ban san da wace fuska zan shiga gidan baffa ba. Wani lokaci in ga raina ni ya yi, wani lokaci in ga ni ne wawan. Ko tsarin ne bai dace da mu ba? Ko ni ne ban iya shi ba? Saƙon dai Umaru direba na ba, kuma har yau bai dawo Konni ba, ban san ko ya isar ba.

Mai Tebur Huɗu, Birnin Konni

Ɗan'uwa Mai Tebur Huɗu,

Ba duka ka yi kuskure ba, bari in fara da wannan. Wanda ke da tebur a garuruwa huɗu ba zai iya tsayawa kan kowane ba, dole awo ya tsaya a madadinsa. Cokali ɗaya, kofi ɗaya, kaya a saye su a dunƙule: wannan daidai ne, musamman da tsadar madara. Ka riƙe shi.

Amma rabin labarin aka karanta maka. Ni ma na bi irin waɗannan rubuce-rubuce. Kamfanonin nan suna auna abin da ke cikin kofi, kuma suna zuba kujeru masu daɗi don mutum ya zauna ya daɗe, gobe ya dawo da abokinsa. Abin da kujera ke yi musu, shi gyara ke yi maka. Ruwan zafi ne da ɗigon madara, kuma shi ya riƙe maka Malam Iliyasu shekara goma sha biyu. Wasiƙarka ma ta nuna haka: inda ake sha a tsaye dokar ba ta taɓa komai ba, inda ake zama ta kori mutane, inda aka karya ta benci ya cika.

Chindo yana da nasa laifin. Ya ga doka ba ta yi ba, kamata ya yi ya zo ya gaya maka, ba ya bar ka kana murnar abin da ba shi ba ne. Ka faɗa masa haka, ku biyu kaɗai, da ladabin da ake yi wa na gaba. Sai dai ka lura, bai ɓoye hannunsa ba da ya gan ka, kuma bai kunyata ka gaban jama'a ba.

Game da rantsuwa, je wurin malamin unguwarku, akwai kaffara, shi zai gaya maka yadda ake yi. Mutanenka biyu kuwa ba za su raina ka don ka gyara doka ba. Da wuya su ma ba su gaji da kallon hannun dattijo a miƙe ba. Ka tara su, ka ce gyara ta dawo, sau ɗaya ga kowane kofi, madararta rabin ƙaramin cokali. Ka ga ta shiga awo ke nan. Tebur na biyar kuma, in yana ranka, ya jira tukuna.

Gobe da safe haɗa kofi, ka tsallaka titi da kanka ka kai wa Malam Iliyasu, buta a ɗaya hannun. Daga nan ka hau babur zuwa Illela, kada ka jira Umaru. In saƙon ya isa, gara Chindo ya ji janyewarsa daga bakinka kafin Juma'a. In bai isa ba, ka tare direban a hanya ka karɓi abinka.

Allah ya sa albarka a teburan huɗu, ya bar zumunci, ya kai ka Illela lafiya.