Anten Ɗin Gidan Haya da Ƙafar Muktari

Zuwa ga yayana Almustafa, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajaratu da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nema. Mu nan Tawa lafiya lau. Inna ta koma Bambeye bayan ta ga likita, ƙafar ta yi sauƙi har tana zuwa maƙwabta da kanta. Na zaɓi in ba Hamid da zai zo Abijan takarda ya kawo maka maimakon in yi magana a waya, domin duk sanda na ɗauki waya sai maigidana Muktari ya matso kusa yana gyaran murya. In ka karanta za ka gane dalili.

Maganar gidanka na haya ce, wanda ka bar mini amanarsa. Ka san Idrisa da ake ce wa Mushe, malamin lakwal ɗin nan na boko, ɗan Damagaram da ke ciki da matarsa Samira. Mutanen kirki ne, ko ƙusa ba su taɓa bugawa a bango ba sai sun tambaya. To tun ƙarshen damina iska ta karya anten ɗin tele da ke kan rufi, hoto ya koma kamar ana watsa gero. Mushe ya yi haƙuri har lokacin kokowa ya zo, sannan ya same ni ya ce shi bai iya rigima ba, amma in har za a yi kokowar bana bai gani ba, akwai wani gida a bayan kasuwa da aka yi masa tayi. Ka kuwa san samun ɗan haya irinsa ba wasa ba ne.

Na kira Hashimu mai gyaran tele. Ya duba ya ce anten ɗin ya mutu, sai sabo, kuma sai jibi zai samu sarari. Muktari na ji ya ce wane jibi, gobe ne fa ɗan Tawa zai kara da ɗan Damagaram. Wai shi da ke kwance injin moto ya mayar, ƙarfe mai haƙarƙari ne zai gagare shi? Na ce masa ya bari, ya ce mata ba su san ƙarfe ba.

Washegari da la'asar ya aro tsani ya hau. Kafin nan Mushe ya fito da tele ƙarƙashin rumfar kwanon da ke gaban ɗaki, maƙwabta sun cika tabarmi, har da Habi mai ƙosai da ta bar kaskonta. Muktari kuwa ya tsaya a kan rumfar, ya ɗaure anten da waya, ya juya shi gabas, ya juya shi yamma, ana yi masa ihu daga ƙasa wai ya ƙara, wai ya rage. Can sai hoto ya fito tas. Yana sakin hannu don ya sauko, hoto ya ɗauke. Ya kama, ya dawo. Ya saki, ya tafi. Sai jama'a suka haɗa baki suka ce don girman Allah ya tsaya yadda yake, ga 'yan kokowa sun shigo fili.

Yaya, ka san Muktari da kokowa, abinci ma yana iya bari saboda ita. Ga shi tsaye a kan rumfa, hannu ɗaya a sama kamar mai rantsuwa, rana na dukansa, ba ya ganin komai sai awakin maƙwabta. Yana ta tambaya wa ya kama wa, ba mai kula shi. Da ya sunkuyo ya leƙa sai hoto ya yi rawa, Habi ta daka masa tsawa ta ce in ya sake motsi ko hanci ne ke masa ƙaiƙayi, ita da shi ne.

Ana cikin haka sai guɗa ta tashi a ƙasa. Muktari ya ɗauka namu ne ya yi kaye. Ya yi kabbara, ya daka tsalle. Kwanon nan ka san ya tsufa. Ƙafarsa ta dama ta burma har gwiwa, ta sauko tana lilo daidai kan Mushe. Ashe Samira ce ta rangaɗa guɗar, ɗan Damagaram ne ya kayar da namu. 'Yan Tawa kuwa abin ya haɗe musu biyu, ga baƙin cikin kaye, ga ƙafa a sama tana tambaya da wace dabara aka kayar. Mushe ya ɗaga kai ya ce wa ƙafar ta yi haƙuri, haka wasa yake.

Da ƙyar aka zaro shi. Alhamdu lillahi ƙujewa ce kawai, sai wando da ya tafi. Hashimu ya zo a ranar da ya ce, ya kafa sabon anten a kan dogon ƙarfe jikin katanga, bai ko taka rumfar ba. Hoto yanzu garau. Mushe ya ce ya fasa tashi, wai gidan da ya kawo masa sa'a irin wannan ba a barinsa.

Abin da ya rage shi ne rumfar. Ina neman izininka a sauya kwanon duka kafin ruwa ya sauka, don sauran ma sun ci tsatsa. Muktari ya ɗauki nauyin fallen da ya huje, amma na hana shi hawa, kafinta zai yi.

Ka gaida Hajaratu da kyau, da Anas da Farida, da Kawu Zakari in kun haɗu a masallaci. Inna na sa muku albarka. Muktari ma yana gaisuwa, kuma ya roƙe ni in gaya maka iska ce ta huda rumfar. To ga shi na gaya maka. Iskar dai ta bar takalminta ɗaya a tsakar gidan Mushe, har yau kunya ta hana ta zuwa karɓa.

Wassalam.

Taka ƙanwa,
Raƙiya, daga Tawa.