Yatsa Ɗaya Daga Sitiyari

Baba,

Ina gaisuwa. Ya gwiwar taka? Ya Mama? Ya tumakin da suka rage? Har yanzu ba ruwan sama?

Lafiyata lau a Kanada, kada ku damu. Aikin gidan tsofaffi ba laifi, bayana ne kawai ke ɗan ciwo.

Jiya ni da abokan aiki muka kalli wasan barkwanci na gida Ostireliya, labarin wata da ta koma ƙauyensu. Duk direban da ta haɗu da shi sai ya ɗaga mata yatsa ɗaya daga sitiyari. Suka yi ta ƙyaƙyatawa. Joanne ta ce, "Narelle, gaisuwar taku ke nan? Wannan rowa har ina! Ke yaushe za ki koma?" Na taya su dariya, na shige banɗaki.

In koma ina, Baba? A ƙauyenmu an rufe makaranta, an rufe kanti. Yaya Shane ya ce yanzu ƙofar gidan maƙwabtanmu su Doyle kake ɗaga wa yatsa, alhali sun tashi tun bara.

Ni ma kullum ina ɗagawa a nan. Ga motoci fal, ba mai amsawa.

Allah ya ba ku ruwa.

'Yarka,
Narelle