Minti Goma Sha Tara Kafin a Ja Labule

Anti Noreen,

Don Allah ki taimake ni, kuma ki yi sauri. Ranar Juma'a ta sama za a ƙona gawar yayana, ni kuwa na riga na ƙulla abin da na kasa kwancewa.

Yayana Malcolm ya rasu yana da shekara sittin da uku. Ƙurar gidan zubin ƙarfe da ya fara shaƙa tun yana ɗan sha shida ce ta cinye masa huhu. Shi ya raine ni bayan mutuwar babanmu, shi ya miƙa ni a coci ranar aurena, shi kuma ya zo da motar abokinsa ya kwashe mini kaya ranar da auren ya mutu.

Duk maganar a kan wani faifai take. Na san za ki ce mace mai shekara hamsin da bakwai ta rasa abin kuka sai faifan garmaho, amma ki bari in gama. Wasu samari huɗu ne 'yan garin Wednesbury a nan Ingila suka yi shi a 1984, irin kiɗan nan mai nauyi da jan jiki da ake ce wa doom. Ba su taɓa yin suna a rediyo ba, biyu daga cikinsu ma sun mutu, amma har yau za ki ga dattijo a bas sanye da baƙar riga mai hoton bangon faifan, wato mataccen murhun narka ƙarfe. Mu dai Murhu muke ce masa. Gefe na biyu waƙa ɗaya ce tal, minti goma sha tara. Ganga na saukowa ɗaya-ɗaya kamar babbar gudumar maƙera da muke ji daga kan gado muna yara, an sassauta wa jita tsirkiya har sai kin ji ta a haƙoranki, mawaƙin kuma ya kama kalma ɗaya ya yi ta ja kamar ba zai sake ta ba. Ba ya ce miki gobe za ta yi kyau, ba ya ce miki ki saki fuska. Ni abin da nake so a jikinsa ke nan. A garin nan kowa ya yi mana ƙarya, daga masu kamfani har 'yan siyasa, ban da shi.

Matar yayana, Glenys, ba ta ƙaunar ko jin sunansa. Lokacin da aka rufe gidan zubin ƙarfen, Malcolm ya kwashi garmahonsa ya koma rumfar katako da ke bayan gida, ya shafe shekara biyu a ciki. Ita kuwa shara take yi a makaranta da safe, da yamma ta soya kifi da dankali a shagon wani. Da na ɗauko mata zancen waƙar a kicin ɗinta, ko juyowa ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Ke kiɗa kike ji. Ni kuwa shekara biyun nan nake ji, ina tsaye bakin rumfa da kofin shayi ina tsoron in buɗe in tarar da shi a rataye yana lilo. Na rantse ba za a raka mini miji da wannan jarabar ba." Ta zaɓi waƙar coci ta minti uku, kuma ta rubuta 'yan kalmomin da take so ta karanta.

To ga abin da ba ta sani ba. Kwana huɗu kafin ya cika, muna asibiti, ta fita gyara wa motarta wurin tsayawa, sai ya zare abin numfashi daga fuskarsa ya ce mini, "'Yar auta, gefe na biyu, duka. In kika bar wani ɗan iska mai baƙar kwat ya rage mini sauti a minti na uku, sai na dawo na ja miki ƙafa." Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce tsoron Glenys gaskiya ne, akwai igiya a rumfar nan. Kullum sai ya ce wa kansa bari dai wannan gefen ya ƙare. In ya ƙare, allurar garmahon ta shiga ƙas-ƙas a ƙarshen faifai, shi kuwa ba zai iya zama yana jin ana ɓata masa allura ba, dole ya tashi ya juya. Haka ya yi ta juyawa har ya samu aikin tuƙa motar burodi. Sannan ya riƙe mini hannu ya ce kada in gaya wa Glenys, wahalar da ta sha ta isa. Na ɗauki alkawari biyu a zama ɗaya ban ma lura ba.

Kin san gidan ƙona gawa, rabin awa ake ba kowane iyali, har da shiga da fita, waɗansu na tsaye a ƙofa da furanninsu suna jira. Na nemi a haɗa mana zama biyu, babu fili sai wata mai zuwa. In aka sa waƙar duka, babu waƙar coci, babu karatun Glenys. Mista Tranter, mai shirya jana'izar, ya ce zai sa minti biyu sannan ya rage sauti a hankali, wai haka kowa ke yi. Kamar in shaƙe shi. A minti biyu ko ganga ba ta shigo ba.

Ni ke riƙe da takardu, domin Glenys ko biro ba ta iya riƙewa yanzu. Ranar Talata na je na gaya wa Mista Tranter cewa iyali sun amince a sa gefen duka, a cire waƙar coci, kuma kada a ja labulen bankwana da ke rufe akwatin gawar sai sautin ƙarshe ya mutu. Ƙarya na yi masa. Glenys ba za ta sani ba sai tana zaune a layin gaba, inda ba halin tashi. Tun daga ranar abinci ya ƙi shiga. In na fasa, na ci amanar wanda ba zai iya tashi ya kare kansa ba. In na bari aka sa, na san ni da ita mun raba gari har abada. In na gaya mata dalili, na karya ɗaya alkawarin. Ina zan sa kaina?

'Yar Auta, Tipton

*

'Yar Auta,

Ina yi miki ta'aziyya. Yanzu ki ajiye jaridar nan ki kira Mista Tranter, ki ce masa Glenys ba ta amince ba tukuna, ya dakata. Wannan shi ne na farko kuma ba shi da sassauci. Ba a yi wa mai takaba kwanton ɓauna a gaban akwatin mijinta. Mutumin da ya ɓoye sirri shekara da shekaru don kada ya ƙara mata ciwo ba zai gode miki ba in kika ɗaure ta a kujera minti goma sha tara da sunansa.

A kan faifan, ina bayanki. Na nemo shi na saurara har ƙarshe, maigidana ya gudu lambu tun a minti na huɗu. Ba irin kiɗana ba ne, amma na gane abin da kuke gani a jikinsa. Wanda ƙafarsa ta yi nauyi ba ya son a ja shi rawa, so yake a yi tafiya da shi a hankali, faifan nan kuma ya iya wannan. Kada ki yarda a yanka shi gutsi-gutsi, gara a bar shi gaba ɗaya.

Amma Glenys ma tana da gaskiya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ke labarin rumfar kika ji, ita ce ta tsaya a bakinta.

Alkawuranki biyu ba za su ɗauku tare ba, ni kuwa na biyun zan ce ki sauke. Igiyar ba sabon labari ba ne gare ta, me kike tsammani take tsoro? Abin da ba ta sani ba shi ne, sautin da take ɗauka yana jan mijinta kabari shi ne yake tayar da shi tsaye. Tana da hakkin sanin wannan. Ki je gidanta gobe, ki fara da faɗin ƙaryar da kika yi, sannan ki faɗi maganarsa yadda ya faɗe ta. Zai iya yi mata zafi, ta ji kamar faifai ya yi abin da ita ta kasa. Ki gaya mata gaskiya, da ba ta riƙe gidan ba, da babu rumfar da zai zauna ya juya komai. Kada ki mayar da sirrin makami. Ki faɗa, ki yi shiru, abin da ta yanke ya yanku.

In ta ce a'a, rabin awar tata ce. Ki ɗauki garmahonsa da faifansa zuwa kulob ɗin ma'aikata ko duk inda za a taru bayan jana'iza, ki sanar tun da wuri don mai son fita ya fita, ki sa gefe na biyu daga farko har allura ta yi ƙara, abokansa masu baƙar riga suna tsaye. Ba sak yadda ya nufa ba ne, na sani, amma duka ne, kuma ba wanda aka yaudara.

Saura abu ɗaya. Malcolm ya ce a sa waƙar duka, bai ce komai a kan labule ba, ke kika ƙara wannan. Ba na ganin laifinki, ko ni ce zan nemi ƙarin minti goma sha tara da yayana a ɗaki ɗaya. Sai dai ko waƙar awa goma ce, za a ja shi, 'yata. Lokacin da zai rufe, Glenys ce za ta kasance a kujerar da ke gefenki, kuma za ki so a ce kina iya miƙa mata hannu ta karɓa.

Allah ya jiƙan Malcolm, ya ba ku ƙarfin zuciya ranar Juma'a, ku biyun.

Anti Noreen