Hawayen Baba Ba Talla Ba Ne

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya gajiya, ya ciwon kan nan naka? Da fatan ka samu sauƙi. Umma tana gaishe ka. Baba bai san ina rubutun nan ba. To gaisuwa ta ƙare, gyara zama.

Kar ka yi mamakin ganin takarda daga wajena, ni da ko barci nake waya na hannuna. Na daina turo maka komai ta waya, tunda na gane duk abin da ya shiga wayarka talla yake komawa. Direban da ke zuwa wajenku zai miƙa maka.

Yaya, me ya kai ka? Ranar da shagon kafintan Baba ya ƙone, kai ka kira ni murya na rawa, ka ce in ɗauko maka bidiyon wurin ka gani tunda kana nesa. Ina cikin ɗauka sai ga Baba durƙushe a toka yana tono. Ya ciro zartonsa babu mariƙi, ya riƙe shi yana kuka. Mutumin da ko ranar rasuwar Kaka ban ga hawayensa ba. Kai kaɗai na tura wa. Ko Umma ban nuna wa ba.

Jiya ina kwance ina duba sitatus ɗin mutane a waya, kawai sai ga Baba a naka. An sa masa kiɗan ban tausayi, an rage gudun hoton daidai inda yake share ido da bayan hannu, ga tambarin kamfanin inshorarku a gefe, ga wurin da mutum zai latsa ya bar sunansa da lambarsa. Wallahi sai da wayar ta suɓuce ta buge min hanci.

Me ban yi maka ba tunda ka fara aikin nan? Ka ce an koya muku ku fara da 'yan uwa da abokai, na juye maka lambobin ƙawayena kaf. Yanzu in na yi sallama a guruf ɗinmu sai kowa ta yi ɗif, suna tsoron inshorar lafiya zan kawo. Kullum ni ce mai ɗora hotonka da kwat ɗin aro. Gwaggo har ɓoye wayarta take a kwandon wanki, tunda ka ce ko keken ɗinkinta ana iya yi wa inshora. Duk na shanye, na ce ɗan'uwana ne yake nema. Amma ban da Baba.

Ka goge shi yau, tun bai kai kunnensa ba.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Sallama da gaisuwa, don Umma ta ce ko faɗa za a yi a fara da gaisuwa. Ya jiki, ya aiki? Mu dai ga mu nan.

Na saurari saƙonnin muryar da ka turo, dogaye kamar wa'azi. Wai ogan naku ya ce takardar talla ba ta kawo kwastoma, labari mai taɓa zuciya shi ke kawowa. Wai ya haska bidiyon a babban allo gaban sababbin ma'aikata, an tafa maka. Wai lambobi sai shigowa suke, kai da a da sai ka wuni kana kira ana kashe maka waya. Wai in wata ya ƙare ba ka cika adadin da aka yanka maka ba za su sallame ka. Na ji, kuma na san ba ƙarya kake ba, na ga yadda ka rame. Amma shi ogan ba shi da uba ne? Ya ɗauko nasa ya haska mana.

Har da cewa ai gargaɗi ne ga jama'a. To ka karanta abin da jama'ar ke rubutawa a ƙasa? Wani ya ce ganganci ne ya ja masa. Wata ta ce wasan kwaikwayo ne, tsohon ya iya. Wani ya yanko fuskarsa ya mayar da ita abin tura wa abokai in ƙungiyar ƙwallonsu ta sha kashi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina zagi har datata ta ƙare, na ari ta Umma na ci gaba.

Yanzu ga abin da ka jawo. Shekaranjiya Baba ya daure ya tafi wajen masu katako, karon farko tun gobarar. Ya yi wanka, ya sa tef ɗin awonsa a aljihu, har yana tsokanar Umma. Yana isa aka zagaye shi. Wasu jaje suke da gaske, amma wani lebura ya durƙusa ya kwaikwayi yadda ya share ido, aka kwashe da dariya. Ya dawo ko falle ɗaya bai sayo ba. Tun ranar bai leƙa ƙofar gida ba. Yana zaune a kujerar nan tasa ta tsakar gida, rediyo a cinya, a kashe.

Kuma ka san wa yake zargi? Ni. Ai ni ya gani da waya ranar, ni aka sani da ɗore-ɗore. Bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. Ya dai daina ce min Autata. In na kai masa ruwa sai ya ce in ajiye a nan. Ban faɗa masa kai ne ba, kuma ba don kai na yi shiru ba, don kar abin ya zame masa biyu ne.

Ka kira shi da bakinka. Ni na gaji da ɗaukar kayan da ba nawa ba.

Auta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da gaske nake, duk da haushinka da nake ji.

Na ga ka goge. Sannu da ƙoƙari. Sai dai abokan aikinka sun riga sun kwafe, kowa ya manna tasa lambar. Jiya na ga Baba a shafin wata mai jan baki, tana cewa a tuntuɓe ta yau akwai rangwame. Na yi mata magana ta toshe ni. Kiran da na ce ka yi kuwa, har yau wayar Baba ba ta yi ƙara ba.

Da safen nan ina shara ya kira ni, ya ce in nuna masa abin da duniya ta gani. Na ce an goge. Ya ce ni da waya, ya san ina da shi. Na kunna masa naka na asali. Ya kalli kansa yana kuka, fuskarsa ko motsi. Sai can ƙarshe muryarka ta fito, kana cewa a latsa ƙasa a bar lamba. Yaya, ko daƙiƙa bai ɗauka ba ya gane ka. Ya ɗago ya kalle ni, ya ce ashe ba ni ba ce. Ni kuma sai kuka, kamar an buɗe famfo.

Na zata zai tashi gidan da faɗa. Tambayata ya yi ko ka samu mutanen da kake nema. Na ce ka samu. Ya ce to madalla, in hawayensa za su riƙe maka aiki ya ba ka kyauta, da ma tambaya ka yi. Daga nan ya nuna rubutun da ke saman hoton, ya ce ba ya gani sosai, in karanta masa. Na so in tsallake, ya ce in karanta yadda yake. Na karanta: wani tsoho ya rasa komai a wuni ɗaya, kada ka zama kamarsa.

Ya sa na maimaita farkon. Sannan ya ce wato shi tsohon nan ba shi da ɗa.

Ni wallahi ban taɓa lura ba, zagin mutane ya ɗauke min hankali. Ko'ina a ciki ba ka ce mahaifinka ba ne. Ka sayar da kukansa, kuma ka ji kunyar cewa naka ne. Wannan ko ogan naku bai koya maka ba.

Bayan nan ya tashi ya sa takalmi ya fita. Da rana sai ga mota da katako da kwanon rufi. Ranar Asabar za a ɗaga shagon. Ya gaya wa maƙwabta, ya gaya wa mai walda, har mijin Gwaggo mai ciwon baya ya ce zai zo miƙa ƙusa. Ni ya ce Autata ce mai kawo ruwa. Kai kuma ya ce kar a gaya maka, kana da aiki.

To ga shi na gaya maka. In za ka zo ka zo da tsofaffin kaya, ban da kwat, ban da jakar takardu. Ba lallai ya kula ka ba. Ka ɗauki katako kawai ka riƙe masa, har ya gaji ya ce ka matsa dama.

Ni ban huce ba tukuna, kar ka zo kana min murmushi.

Ƙanwarka,
Auta