Na Goge Shanun Kakana da Haruffa Biyu

Assalamu alaikum mutanen gidan nan. Admin a sakaya sunana, don in yaran unguwarmu suka gane ni sai na ƙaura Nijar da ƙafa. Don Allah ku ba ni shawara. Wauta na yi, ƙarama ce, haruffa biyu kawai na buga, amma na rasa inda za ni aje ta.

Ni ɗan sakandare ne a Unguwar Lalle. Yayana da ke karatu a Sakkwato ya bar mini tsohuwar laftof ɗinsa mai Linux, wadda in ta ɗau zafi sai ka gasa masara a kanta. Kafin ya koma ya nuna mini baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni. Ka buga ls ta jero maka abin da ke cikin folda, cd ka shiga wata, cp ka kwafi abu, mv ka ɗauke shi ka mai da wani wuri, rm ka goge. Ya ja mini kunne a kan rm, ya ce ba ta da kwandon shara, abin da ta ci ya tafi. Na ce na ji. Ban ji ba, hankalina na wajen burge yara. Na tara su a shagon mai caji ina buga ls, farin rubutu na zubowa, na ce musu da tauraron ɗan Adam nake magana a turo mana hadari. Wani har ya ce in saka gonarsu.

Hadari bai zo ba. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, kamar bara. Kakana na wajen uwa Bafulatani ne, a Burkusuma yake kiwo tun ba a haifi innata ba. Da ciyawa ta ƙare, shanunsa wasu suka kwanta ba su tashi ba, sauran aka kai kasuwar Sabon Birni ƙashi da fata, shi kuma aka dawo da shi gidanmu. Abin da ya rage mishi bidiyoyi ne a wani ɗan memori, yayana ya ɗauke su wata daminar kirki, shanun na kiwo a fadama. Kullum bayan la'asar sai kaka ya ce in kunna mishi a waya, ya kusanto da ita ga idonsa, ya dinga kiransu ɗaya-ɗaya da sunansu na Fulatanci, Saige, Wule, har da waɗanda ni ban ga komai nasu ba sai ƙura. Wasan jika da kaka muke yi da shi, yana ce mini ɓarawon matarsa, ni kuma in ce shanunsa sun fi shi haƙora.

Na so ya gan su a babban allo, sai na sa memorin a laftof. Maimakon cp na buga mv, wato na kwashe su ne, ban kwafa ba, kuma ban sani ba. Muka yi ta kallo a laftof yana murna. Ran nan na samu wasannin ƙwallo wajen mai caji, laftof ta ce ba wuri. Na ce ai shanun na cikin memori, na buga rm a kan foldarsu. Ba ta tambaye ni ba, ba ta yi ƙara ba, layi ya sauko kawai yana jiran umarni na gaba. Na loda ƙwallo.

Da la'asar na mai da memorin waya, wayam. Na koma laftof na buga ls, ƙwallo. Na sake bugawa, ƙwallo. Ban yi kuka ba, ban ma ji tsoro ba, kamar an kashe wani abu ne a cikina. Na ce wa kaka babu caji. Washegari na ce solar mai caji ta lalace, a garin da rana ke neman soya mutum da rai.

Da ƙarya ta ƙare na karɓo bidiyon wasu shanu a wayar abokina, na ce idon tsoho ai ya tafi. Ya riƙe wayar ya daɗe yana kallo, bai kira suna ko ɗaya ba. Sai ya miƙo mini ya ce, "Waɗanga shanun wani ne. Allah ya bar mishi su." Bai ce mini ɓarawon matarsa ba. Tun ranar bai sake cewa in kunna ba, bayan la'asar yakan zauna gindin dalbejiya ne kawai yana jan carbi.

Na kira yayana na faɗa mishi. Bai yi faɗa ba, ya tambaya ko na zuba wani abu bayan gogewar, na ce ƙwallo. Ya ce sabon abu yana hawa ne a kan gurbin tsohon. Ta waya ya dinga karanto mini umarnin wata manhajar tono abin da aka goge, ina bugawa. Abu ɗaya ya dawo mai kunnuwa, ɗan guntu ne na ranar da na fizge wayar daga hannun yayana a fadama. Fuskata ce ta cika allon, ina kwaikwayon yadda kaka ke kiran shanu, ina lanƙwasa baki. Ta bayan kunnena ana ganin ƙahon Saige, rabi, sai ya wuce.

To jama'a, me za ni yi? In zauna gaban kaka in ce ni na goge, in nuna mishi guntun nan da nake yi mishi shaƙiyanci a ciki, ko rabin ƙahon zai fi mishi babu? Ko in bar shi da shirunsa tunda bai tambaya ba? Innata ba ta sani ba tukuna.

Ƙwallon dai na goge shi duka, da rm ɗin nan. Yayana ya ce sauran shanun ba za su dawo ba.